Kanal ɗin Laka na Malam Tambaya

Kun san Malam Tambaya na Bunkure, mai gemun da zai share masallaci? To, a ranin 2006 aka kama shi tsugune gindin mangwaro yana kwaɓa laka, yana gina 'yan magudanan ruwa masu ƙofofin kara, wasansa na yarinta.

"Malam, jikokinka huɗu fa!" in ji matarsa Binta. Ko ɗagowa bai yi ba, daɗi ya kwashe shi.

Gonarsa ce ƙarshen layi, ruwan kanal, wato magudanar noman rani, ba ya isowa, tumatirinsa har ya fara bankwana da duniya. Ya yi ƙorafi har bakinsa ya bushe, ba wanda ya saurara.

Ranar taron manoma ya turo gininsa, mai siffar kanal ɗinsu sak, a baro. Aka yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Malam ya tsiyaya ruwan buta a cikin ginin, ya cusa ciyawa a wata kwana. Ruwa ya tsaya cak.

"Kai, wannan ai kwanar gonata ce!" in ji Mudassiru, shugaban manoman.

Washegari aka yashe ciyawar da ta toshe kwanar kanal ɗin, ruwa ya iso, tumatir ya farfaɗo. Yanzu shugaban da kansa ke taya shi kwaɓin laka, wai duba aiki yake.