Wadda Ke Wanke Matan Garinmu

Ranar Talata ce, lokacin karyar masara. Da hantsi Inna, mahaifiyata, tana shanya ganyen magarya na wankan gawa a tsakar gida. Ita ke wanke duk macen da ta rasu a ƙauyenmu, can bayan Bakori. Tun ina budurwa take ja na in riƙe mata buta. Takan ce, "Buɗe ido ki koya, Hajara. Ke za ki wanke ni." Ko hamsin ba ta kai ba. Dariya nake mata.

Bayan azahar muka ji babura. Kaji suka watse. Sai harbi daga wajen masallaci.

"Ku shige gona!" wani ya ƙwala.

Na saɓi ɗana, na fizgi hannun ƙanwata Rabi. Inna na bayanmu, ina jin numfashinta. A bakin rijiya ta tuna da makauniyar tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu. Ta juya.

"Ku wuce!"

Ban ƙara jin muryarta ba.

Muka kwanta cikin gonar dawa. Cinnaku na cizon yaron, na toshe masa baki da gefen zani. Bayan la'asar hayaƙin rumbuna ya taso. Da magariba muka miƙe, ba takalmi. Washegari motar hatsi ta sauke mu a Funtua, gidan kawunmu.

Mazan garinmu suka shirya komawa binne gawarwaki. Na yafa gyale zan bi su. Kawu ya tare ƙofa. Na gaya masa maganar da ba a gaya wa kawu. Bai motsa ba.

A ƙofar makauniyar suka sami gawar Inna. Ba mace ko ɗaya a garin. Liman ya yi mata taimama, fuska da hannuwa, aka rufe ta da zanin jikinta.

Muka yi zaman makoki a tsakar gidan da ba namu ba. A ce, "Ya haƙuri?" In ce, "Da godiya." Idona a bushe. Rabi ta daina cin abinci. Ni ke dama mata kunu, ina ba ta baki da kalmomin da Inna ke ba mutane.

"Yaya, an sa mata magarya?"

Na ce ta shanye kununta.

Na iya aikin sarai. Dama kafin hagu, wanka uku, turare a na ƙarshe. Tun zuwanmu Funtua na wanke mata huɗu. Ban san ko ɗayarsu ba.