Guzurin Giris da Na Bar wa Famfo Biyu

Ban taɓa mantawa da Juma'ar da na shiga ɗakin kula da injuna riƙe da jakar tafiya gida, na fito riƙe da sifana ba. Tunda ku yaranmu na Bodinga da Shagari da anka ɗauka koyon aikin wuta kun matsa sai na rubuta muku wani abu daga shekarun da na yi a tasha, to ga shi, ku karanta ku yi dariyarku.

Sunana Garba. Firamare kaɗai na gama, daga nan na kama injin niƙan mahaifina a Dingyadi. A wurin tsohon na koyi sauraren inji. Sanda yake ɗorawa a jikin ƙarfe, ya kara ɗaya bakin a kunne, ya gaya maka abin da ke damun injin tun bai tsaya ba. Da sandar nan na tafi kudu neman aiki, anka ɗauke ni lebura a wata tashar wuta, har na kai mai kula da mai da giris. Muƙamin ba babba ba ne. Sama da ni akwai makanikai, akwai masu zama gaban kwamfuta a ɗakin kula, sannan injiniya mai riƙe da duti, wanda kome ke hannunsa har ya miƙa wa na gaba.

Ga wanda bai san irin tasharmu ba, wuta biyu muke samu daga mai ɗaya. Injin farko yana ƙona iskar gas ya juya janareta. Zafin hayaƙinsa ba a barinsa ya tafi sama a banza, ana bi da shi cikin wata ƙatuwar tukunya ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji na biyu, shi ma ya ba da wuta. In tururin ya gama aiki sai a sanyaya shi ya koma ruwa, famfo ya tura shi ya sake zagayowa. Famfunan nan biyu ne, muna ce musu Ta Ɗaya da Ta Biyu. Ɗaya na aiki, ɗaya na hutawa tana jiran ko-ta-kwana. In duka biyun sunka kwanta, ruwa ya yanke, injin tururi ya tsaya, garuruwa su shiga duhu.

Kowace tana da boris, wato ƙwallayen ƙarfen da sandar injin ke juyawa a kai. Shi ne nake ba giris. Akwai kati rataye a jikin kowace famfo, an rubuta ranar da za a sa, da yawan da za a sa: matsa shida da bindigar giris. Shekara da shekaru haka nake yi.

To, wata Lahadi cikin damina maiɗakina Kulu ta kira ni daga Bodinga, ta ce ɗiyarmu ta fari ta sauka, an samu namiji. Jikana na farko ke nan. Ta ƙara da cewa uban yaron ya ce sunana za a sa.

"Ka ji ko?" in ji ta. "Takwaranka na. In ba ka zo ba, kai da shi."

Ni kuwa kowa ya sani a tasha, in ba don abinci ba, ba abin da zai raba ni da gida. Na nemi hutun sati uku, anka ba ni daga Juma'a. Motar Sakkwato ɗaya ce take tashi a rana, bayan azahar, ta sauke ni Bodinga ranar Asabar, in wayi gari Lahadi a zaure ana raɗa suna. Na sayi rigunan jariri da turmin atamfa, na cika jaka.

Ranar Alhamis ina zagayena na ƙarshe, na tsaya gaban famfunan nan, sai tausayinsu ya kama ni. Sati uku! Wanda zai riƙe mini aiki ban san hannunsa ba. Mu a gida in za ka yi tafiya sai ka auno gero ka ƙara, ka bar itace, ka bar kuɗin cefane da rara. Lokacin giris bai yi ba, amma na ce bari in bar musu guzuri. Na ɗauko bindiga na yi ta matsawa. Da na gama da Ta Ɗaya, na ga bai kamata in bambanta ba, na cika wa Ta Biyu daidai da ita. Ban rubuta a littafin aiki ba, don ba ranarsa ba ce. Na koma masauki ina jin na yi abin kirki.

Da safiyar Juma'a na shigo yin bankwana, jaka a kafaɗa, sanda a hannu. Ina wucewa ta gefen Ta Ɗaya, wadda ke aiki, kunnena ya tsayar da ni. Kullum kukanta siriri ne, sumul. Ran nan kuwa wani nishi take yi, kamar ana tuƙa tuwon da ya yi tauri. Na ɗora sanda na saurara. Na kai bayan hannu kan murfin boris, na janye ba shiri. A nan na tuna abin da wani tsohon makanike ya taɓa gaya mini, na bar shi ya bi iska: in giris ya cika wurin, ƙwallayen ba su samun hanya, sai su yi ta dama shi, damun ya zama zafi, zafin ya cinye boris.

Na hau ɗakin kula. Mai zama gaban kwamfuta ran nan Bello ne, mutumin Shagari, shi kaɗai ne ɗan gida da nake da shi a tashar, kuma ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Mai riƙe da duti kuwa Injiniya Saudatu ce, Bakanuwa, sa'ar ɗiyata, amma in ta tsuke fuska har manyan makanikai sai su gyara tsayuwa.

"Na-Bodinga, mi kaka nema nan?" in ji Bello. "Ba ka tahi ba? Ko kuɗin mota sunka gaza?"

"Bello, Ta Ɗaya ba ta da lahiya."

"Awo, mun gani. Zahinta na hawa tun sahe."

Injiniya ta juyo ta ce, "Kada ka damu, Baba Garba. Yanzu za mu tayar da Ta Biyu mu kashe wannan, makanikai su duba ta Litinin. Ka je kada mota ta bar ka. Ka shafa mana kan takwara."

Ga ƙofa a buɗe, an ma sallame ni da addu'a. Ba wanda ya gan ni jiya, ba abin da ke rubuce. Amma ni na san abin da ke cikin Ta Biyu. In sunka tayar da ita, za ta yi awa kaɗan ta kama nishi irin na 'yar'uwarta, lokacin kuwa ba ta uku, ni kuma ina can cikin mota ina cin gyaɗa. In na yi magana, motar ta tafi, suna ya wuce ni, ga takardar tuhuma. Bello har ya kai hannu kan maɓalli.

Na sauke jaka na ce, "Ranki ya daɗe, a dakata. Ciwon Ta Ɗaya ni na sa mata shi, kuma Ta Biyu na da irinsa."

Na faɗa musu kome.

"Baba Garba," in ji Injiniya, "matsa nawa?"

"Ranki ya daɗe, na bar ƙirga a ashirin."

Bello ya kifa kai kan tebur yana dariya. "Mutanen Bodinga ke nan! In sunka ba baƙo hura, sai an kama shi ya tashi. Yanzu abin ya kai ga famfo!"

Injiniya ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga bakinta na rawa. Nan take ta tsara aiki. Za a bar Ta Ɗaya ta ci gaba, a kafa mata fanka tana hura wa boris iska, Bello ya zuba ido kan ma'aunin zafi, in ya kai jan layi a rage wa injin tururi kaya. Mu kuma mu fara da Ta Biyu, tunda tana kwance. Ta rubuta takardar izinin aiki, anka yanke wa famfon wuta, kowannenmu ya rataya kwaɗonsa a kan makunnin, don kada wani ya tayar da ita hannunmu na ciki. Ku riƙe wannan, ko ana gaggawa ba a tsallake shi.

"Kai ka san inda ka zuba," in ji ta. "Cire babbar riga."

Ni da makanikai biyu munka kwance murfi, munka buɗe ramin fitar giris na ƙasa, munka yi ta kwasa. Abin da ya fito ya kusa cika kwanon sha. Muna cikin yi lokacin tashin mota ya wuce, na duba agogo sau ɗaya ban sake ba. Bayan la'asar anka cire kwaɗuna anka tayar da Ta Biyu. Na ɗora sanda, kowa ya zuba mini ido.

"Ya take?" in ji Injiniya.

"Sumul, ranki ya daɗe."

Sannan anka kashe Ta Ɗaya, munka yi mata irin wannan wankin. Boris ɗinta ya sha wuya amma bai mutu ba. Injin tururi ko ƙyaftawa bai yi ba.

Takardar tuhuma kam na same ta, kuma na cancanta. Da take miƙa mini, Injiniya ta ce, "Wannan ta giris ce. Na kuma rubuta wa manya cewa kai ka hana tasha tsayawa, da bakinka. In ka dawo za ka koya wa makanikaina wannan sandar."

Bello kuwa, duk tsiyarsa, ya kira wani ɗan'uwansa direban babbar mota da ya sauke albasa a kasuwar garin zai koma Shagari ranar Asabar. Haka na taho gida ina warin albasa, jakar jariri a cinya. Daga Shagari na hau mashin zuwa Bodinga, na iso Lahadi bayan azahar. An raɗa suna tun safe, an yanka rago, an raba goro, maza sun watse. Addu'ar da na so in zauna a ciki ta wuce ni, kuma har yau in na tuna sai na ji a raina.

Kulu ta tarbe ni a tsakar gida da yaron a hannu. "Sannu da zuwa, tsoho. Ka makara, na samu sabon miji, ga shi nan ya riga ka."

Na karɓe shi, na kara kunne a ƙirjinsa, don ni ban san wata hanyar gaisawa ba. Lafiya lau, sumul. Da na ba Kulu labarin abin da ya tsare ni, ta yi dariya har da hawaye, ta ɗauko tuwo ta fara zuba mini miya. Tana kai ludayi na shida ta tsaya, ta ce ita ba ta son takardar tuhuma. Daga ranar sunan Matsa Shida ya bi ni, har na yi ritaya na dawo gida bai sake ni ba.

Abin da nake so ku ɗauka ba shi da yawa. Katin da ke jikin inji wani ne ya sha wuya kafin ya rubuta shi, kada son inji ko son a yabe ku ya sa ku ƙara a kai. Duk abin da hannunku ya taɓa ku rubuta, ko ba ranarsa ba ce, don mai karɓar duti bai san abin da ke zuciyarku ba. In kuwa kun yi ɓarna, ku faɗa tun injin na juyawa. Mutanen wannan sana'a za su yi muku tsiya har ku tsufa, amma su ne za su sa hannu cikin giris tare da ku, su kuma nemo muku motar albasa. Takwarana yanzu ya girma, ya san labarin sarai. In ya ga ina ƙara wa shayina sukari sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Kaka, nawa anka rubuta a kati?"