Ranar da Duna Ya Shiga Ruwa

Wata safiya a daminar 1968, shekarar da aka datse kogin Kwara a Kainji, ina tsugune bayan rumbunmu da kasko a hannu, ina murmushe kan kifi cikin kunu. Ruwa ya riga ya cinye gonar albasar Baba, yana lasar gindin tsamiyar da muke wasan 'yar carafke a ƙarƙashinta. Cikin gida ana ta ɗaure kaya, domin ranar za mu tashi zuwa sabon garin da gwamnati ta gina mana can wajen Wara. Ni kuwa hankalina yana kan Duna, ɗan kwikwiyona, wanda ke jan jiki zuwa wurin kaskon. Shekarata tara, shi wata bakwai.

Tun yana wata biyu gwiwoyinsa suka kumbura, ƙafafun gaba suka lanƙwashe kamar ƙotar fartanya. 'Yan'uwansa duk mafarauta suka kwashe, shi aka bar mini don ba mai so. In ya yi taku goma sai ya zube yana kuka ƙasa-ƙasa. Yaran unguwa suka laƙaba masa Sarkin Tafiya, na sha dambe a kan sunan nan, kuma ban taɓa yin nasara ba.

Kowa ya gan shi sai ya ce sanyi ne ya kama masa ƙashi, sanyi kuwa a wurinmu daga ruwa yake zuwa. Saboda haka na kafa masa doka: ko bakin kogi ba ya zuwa sai rana ta take. Lokacin nake ɗaukarsa a tsohon kwando in binne ƙafafunsa cikin yashi mai zafi, in ya nufi ruwa in fizgo shi har da ɗan duka. Da yamma in narka man kaɗanya in murza masa gaɓoɓi da tsumma, Inna na tsaye a kaina sai ta ga na dirje hannu da ƙasa kafin in taɓa kwanon gida. Goggo Hajjo, Bafulatanar da ke kawo mana nono, takan rage mini tsala a gindin ƙwarya. "Ba shi, ɗiyata," in ji ta, "ƙashi nono shika so." Kan kifi kuwa wurin matan da ke banda nake roƙowa, in dake shi lukui don kada ƙaya ta maƙale masa. Ya yi ƙiba, gashinsa ya yi sheƙi, amma ƙafafun suna nan yadda suke.

Da aka gama loda jirgin ruwa, na sungumo kwandona da Duna a ciki. Baba ya tare ni. A garinmu kare ba ya shiga jirgin da ke ɗauke da hatsi da tabarmar salla. Ta gaɓa yake bi har a haɗu a gaba. "Aje shi, Dije," ya ce. "Jibi ni dawo in ɗauko miki shi." Bai dube ni ba da yake faɗa. Na ajiye Duna a kan tudu, na tura masa kaskon, na shiga jirgi ina shessheƙa.

Ba mu yi nisa ba Inna ta ce, "La ilaha! Dubi karen ga!" Duna ya gangaro, ya faɗa ruwa. Abin da na gani har yau yana ci mini rai: iyo yake yi, sumul, ƙafafun nan da ba sa ɗaukarsa a ƙasa suna aiki kamar ba su taɓa ciwo ba. Ban taɓa ganinsa da sauri haka ba. Na roƙi Baba, na roƙi mai jirgi, na yi ta ihu har muryata ta dushe. Jirgin ya cika maƙil, ga yara, ga igiyar ruwa, ba wanda ya yarda a juya. Ya bi mu har muka wuce inda kukar garin ta nutse rabi. Kansa ya yi ta ƙanƙancewa, daga nan ban ƙara ganinsa ba. Baba bai koma jibin ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Yanzu na tsufa a Yelwa. Kwanaki jikana, mai karatun likitan dabbobi, yake ba ni labari wai kare mai ciwon gaɓa ruwa ake saka shi ya yi iyo, a hankali ƙafafun su yi ƙarfi. Garinmu, da tsamiyar, da yashin nan mai zafi, duk suna ƙarƙashin tafki, jirage masu inji na wucewa ta kansu. Wata biyar na yi ina korar Duna daga maganinsa, alhali ga ruwan nan a ƙofar gidanmu.