Guzurin Hafiza

Kowace safiya, kafin rana ta yi zafi, Hafiza Ɗantsoho kan goge ƙurar da ke kan faifan sola, ta kunna kwamfutocin wani ƙaramin asibitin masu ciwon ƙoda a Omdurman, ta tsaya tana sauraron ƙararsu. Shekara da shekaru aikinta ke nan, amma yawancin majinyata ko sunanta ba su sani ba.

Tana da ɗabi'ar da abokan aiki suka daɗe suna tsokanar ta a kai. Duk manhajar da ta sauke, komai tsufanta, sai ta ajiye kwafi a wani faifan ajiya a gida. Guzuri take kiran sa. Kakanninta da ƙafa suka baro Kano za su Makka, hanya ta zaunar da su a Sudan, kuma ta tashi ta ga kakarta ba ta zubar da ko busasshiyar kisra, gurasar mutanen Sudan.

Ana tsakiyar yaƙi, wata rana intanet ya ɗan dawo ba ta nan. Wani ma'aikaci ya ga saƙon sabunta tsarin kwamfutar ɗakin gwaji, ya amince da zuciya ɗaya. Sabon tsari ya hau, manhajar da ke karanta gwajin jini ta mutu. Hafiza ta gwada sake haɗa ta, allon ya cika da jan rubutu, don an share ƙananan manhajojin da take dogaro da su. Intanet kuwa ya sake ɗaukewa.

Injin wankin ƙoda ɗaya ya rage. Sulafa, ma'aikaciyar jinya, ta zo wurin Hafiza.

"Ya Hafiza, in ba gwaji, wa zan fara ɗorawa? Baba Salih ke nishi, amma Hajja Kubura ma ta daɗe ba a wanke ta ba."

Tsakanin asibiti da gidan Hafiza akwai shingen masu bindiga, kuma wanda aka kama da na'ura ba kullum yake komawa gida ba. Tsoro ya kama Hafiza sosai, amma ta tafi. A gida ta saka faifan ajiyar a gindin kwano, ta jera kisra a kai. A shingen wani ya buɗe murfin, ya ɗauki ta sama yana ci yana kallon ta.

"Na wa ne?"

"Na majinyata ne, ya waladi," ta ce, wato ɗana.

Ya mayar da murfin, ta ɗauki kwanonta ta wuce asibiti.

Ta dawo da tsoffin manhajojin, ta zaunar da su gefen sabbin, haɗin ya ƙi, ta gyara ta sake, tagogi na girgiza da ƙarar harbi. Can sakamako ya fito. Ashe Hajja Kubura, da ke zaune shiru tana jan carbi, ita ce zuciyarta ke gab da tsayawa. Ita aka fara ɗorawa, Baba Salih ya biyo baya.

Hafiza, ke ce kika tsallake shinge da guzurinki, kika dawo. Mun gode, Allah ya tsare mana ke. Masu wannan aiki, ku ma ku riƙa ajiye guzuri, ko da za a yi muku dariya. Majinyatan nan biyu suna raye. Hajja Kubura har yau ba ta san abin da ke gindin kwanon ba, kisrar kawai take yabawa.