Wurin Iya a Bayan Gola

Wata Laraba da la'asar, sati guda bayan Sallar layya, shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato firamare, ina tsaye a gola ƙafa ba takalmi, ƴan unguwar kasuwa sun ci mu ɗaya, sai ga makara ta ɓullo daga lungun masallaci. Ba wanda ya busa usur. Wanda ƙwallo ke ƙafarsa ya duƙa ya ɗauke ta ya cusa cikin riga, muka ja gefe muka tsuguna har aka wuce da gawar ta tsakiyar filinmu, don babu wata hanyar shiga maƙabarta sai nan. Manyanmu suka bi sahu, mu ƙanana aka miƙa mana bokitai mu ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa. Da aka rufe aka yi addu'a, muka dawo muka ƙarasa wasan. Sun ƙara mana biyu, kuma har gobe ina cewa ta ƙarshen ba ta shiga ba.

Wanda bai san garinmu Gure ba zai ce me ya kai yara wasa a bakin kabari, gari duk fili. Filin kam akwai, amma rairayi ne. Ka buga ƙwallo a kansa ta lafe kamar an jefa ƙullin tuwo, ka yi gudu kaɗan cinyoyinka su mutu. Kabari ma haka, kana haƙa yana rufta maka. A gefenmu wuri ɗaya ne ke da fako mai tauri, masu ƙwallo na so, masu haƙa na so. Shi ya sa duk lokacin da sahun kaburbura ya cika, sai mu tarar an tuge mana sandunan gola na gabas an matso da su ciki. Ba a shawara da mu, mu ma ba mu tambaya. Filin dai ya yi ta tsukewa har mai tsaron gidan can yana jin zagin da nake wa ƴan bayana.

Kakana Malam Bukar shi ne na ƙarshe a sahun da ke bayan golata, ƙayar da aka jibga a kan kabarinsa ta sha fasa mana ƙwallo. Matarsa, Iya Falmata, a ɗakinta nake kwana. Mata ba su shiga maƙabarta, don haka ni ne idonta. Kullum da magariba, bayan na dawo da jaki daga kwari da ciyawa na ɗaure awaki, sai ta miƙo mini ƙwaryar fura ta ce, “Maigida, wurina na nan?” Maigida take ce mini don tsokana irin ta kaka da jika. Ni kuma in ce yana nan, har na share mata shi da ƙafa, amma in ta ƙara rage mini nono zan sayar wa wata tsohuwar. Ta yi dariya ta kai mini duka da muciya. Wasa muke, amma gidan kowa ya san da gaske take. Ta gaya wa Baba, ta gaya wa liman, kusa da mijinta take so a sa ta.

Wana Mamman shi ne shugaban samarin unguwa, kuma shi ya fara cewa cin filin nan ya isa. Ya tara su suka kai kuka ofishin magajin gari, aka sa ranar zama a ƙarƙashin rumfa. Dattawa suka zo da liman, samari suka zo da rigunan ƙwallonsu, mu kuma muka ɗare katanga. Dattawa suka ce mamaci ba ya jira, kuma ba a gaya wa mai gawa ya je ya dawo. Yaya Mamman ya miƙe ya ce su ma ba su ƙi ba, amma a nuna musu inda samari za su riƙa yini in fakon ya ƙare, in ba tasha da gindin shayi ba. An daɗe ana ja. Daga ƙarshe magajin gari da ƴan majalisarsa suka yanke cewa a kafa turakun siminti daidai inda kaburbura suka tsaya, a buɗe sabuwar maƙabarta bayan tudu ta hanyar Kelle. Wani tsoho mai haƙar kabari, Malam Gaji, ya dubi Yaya ya ce za a gani ranar da abin ya zo gidansu. Yaya ya ce, “Ko na gidanmu ne.”

Turken farko a gefen kabarin kakana aka kafa shi. Wurin Iya ya faɗo cikin fili.

Ni na gaya mata, don ni ta tambaya. Tana juya ludayi ta ce, “To, ƙwallo ta kore ni ke nan.” Ba ta yi wa Yaya faɗa ba, furarsa ma ba ta fasa ajiye masa ba. Tambayar magariba ce kawai ta daina, kuma wallahi na fi jin zafin wannan a kan duka.

Da bazara ta rasu, da hantsi. Malam Gaji ya zo ƙofar gida da digarsa ya ja Baba gefe, ina tsaye ina ji. Ya ce taku ɗaya ne, a ɗaga turken a sa ta a mayar, duk unguwar nan babu mai buɗe baki a kan Falmata. Baba ya juya ya dubi Yaya Mamman. Yaya hawaye har gemu, ya ce, “Baba, in aka ɗaga yau, gobe ba mu da bakin hana kowa.” Sai Baba ya ce a kama hanyar tudu.

Kabarin sai da ya rufta sau biyu. Muka yi ta jigilar ruwa a jakai ana jiƙa rairayin kafin ya tsaya, Yaya na ciki yana dafe bango da tafin hannu har aka jera itace. Na yi fushi da shi ƙwarai. Na bar gola, na bar gaishe shi, sai da Baba ya haɗa mu ya ce wadda muke yi dominta ba ta yi gaba da kowa ba.

Yanzu filin na nan, an kewaye shi da katanga, gola ta ƙarfe har da raga. Ɗana ma can yake yini, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin sanin inda yake. Gawa ta daina bi ta wurin, don haka yaran yau ba su san ana cusa ƙwallo cikin riga a tsuguna ba. Wurin Iya yana bayan raga, nan suke tara takalmansu. Yaya Mamman ya yi furfura, ya bar ƙwallo tuntuni, amma duk Juma'a yana hawa tudu da shebur da ƙaya ya mayar da rairayin da iska ta kwashe daga kan kabarin Iya. Na taɓa tambayarsa ko da ya sani zai sake faɗin abin da ya faɗa. Ya ce zai sake, sannan ya ce, “Amma ni a rairayi za ku sa ni, kusa da ita.” Ni kuwa duk sanda na wuce ta bayan golar nan, ƙafata ba ta yarda ta taka wurin.