Layar Inna a Cikin Inji

Shekarar da na haifi ɗiyata ta fari, kuɗi sun yi yawa a gari, kowa na sayen abin da bai iya gyarawa. Maigidana ya sayo tsohon inji ya ɗaura wa kwalekwalensa. Da shi yake ƙetarar da mahauta da tumakinsu a Rima in ruwa ya cika. Bai iya iyo ba. Ni kaɗai wannan ya dama.

A jikin injin akwai wani ɗan agogo mai allura, mai nuna ƙarfin hawan baƙin mai. Wata rana allurar ta kwanta ƙasa, injin ya fara ƙwanƙwasa, suna tsakiyar gulbi. Da sanda suka tuƙa suka fito.

Aka ɗauko injin a amalanke har tsakar gidanmu a Ƙofar Dundaye, aka jingine shi cikin rabin durom na ruwa, inda nake shanyar tsummokin goyo. Makaniken da aka kira wani Kirista ne mai gareji a Sama Road. Ya zaro sandar gwaji: mai a cike. Ya shinshina ko an sirka da kalanzir, babu. Ya sake filta, ya sake agogon kansa. Allura tana kwance. Kullum hayaƙi, kullum ɗiya na tari, ga hannun baƙin mai a kan kwanonina.

"Maigida, in famfon mai ne da sauƙi," in ji shi. "In biyarin ne, ƙarfen da injin ke juyawa a kansa, sai dai ka yi turke da shi."

"Kai dai buɗe, sarkin surutu."

Makaniken ya kwance kwanon mai na ƙasa. A bakin rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta, ga wani abu baƙi ya manne, ya jiƙe ya yi laushi. Ya ɓamɓaro shi da tsinke. Fata ce da zare: laya.

Inna, uwar mijina, tana bakin ɗaki tana tsinkar zogale.

"Tawa ta," ta ce. "Ni na jefa ta inda kuke zuba mai. Da waje na ɗaura, da yara sun tsinke. Mi kuke kallona? Ruwan nan shi ya ci babanka."

Babu wanda ya yi dariya, har makaniken. Ya wanke rariya, ya ɗaure, ya zuba sabon mai. Aka tayar, allura ta miƙe tsaye.

Sun yi murna. Ni kuwa duk kwanakin da injin yake kwance, mijina a gida yake wuni, ina ganinsa. Na kai layar wurin baduku ya sake mata fata, na ɗaure ta a hannun injin da ƙulli mai ƙarfi. Washegari amalanke ya zo. Na kwashe ruwan durom, na mayar da igiyar shanyata, na goya ɗiya, na koma sauraren ƙofa.