Kujerar Kaka tana shagon Baba Isaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Isaka ya rasu.

Labarin ya same ni da safen nan ina buɗe shago, ko mukulli ban gama zarewa daga kwaɗo ba. Matarsa, Hajiya Fati, ita ta kira ni. Ta ce ya dawo daga sallar asuba, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya ɗan kishingiɗa a kan darduma. Shi ke nan.

Na zauna daɓas a bakin shago. Allah ya sani, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne: to Asabar ɗin nan fa? Wa zai faɗa wa Kaka?

Bari in yi bayani, don akwai masu karanta wannan da ba 'yan unguwarmu ba.

Baba Isaka shi ne mai farar bas ɗin nan da ake fakawa bayan kasuwar Nima, dattijo mai tsaga a kumatu, mai shagon kayan mota a Abossey Okai. Duk matar Zongo da kuka ga hotonta tana tsaye kusa da igwa a Elmina ko Cape Coast, ku tambaye ta wa ya kai ta. Sunansa za ku ji.

Ni kuwa tela ce a Maamobi, kuma ɗinki ne ya haɗa mu.

Shekarun baya ya zo taron ƙungiyarmu ta mata, ya ce bana bayan Sallah a bar zuwa bici, wato bakin teku, shi zai kai mu excursion, yawon buɗe ido, kasil ɗin Elmina. Mu dai abin da muka sani, kasil gidan manya ne, wurin gwamna. To gidan manya ake zuwa da tsofaffin kaya? Nan take aka fitar da yayi, wato anko, atamfa ja mai ratsin ruwan gwal. Keken ɗinkina har zafi ya yi.

Ranar tafiya ku zo ku ga mata. Ɗaurin kai kamar za a kai amarya, gwala-gwalai, turare, kula cike da waakye, wato shinkafa da wake, ga sifika mai taya da aka aro. Baba Isaka ya tsaya a ƙofar bas yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ya sosa gemu. Abin da ya ce kawai, "Yoo. Ku shiga."

Tun daga cunkoson Kasoa muke waƙa har Mankessim. Da muka isa muka ga farin gini a bakin teku, ga kwale-kwalen masunta da tutoci, sai guɗa. A tsakar gidan ma an ɗan taka rawa, ba zan ɓoye ba. Turawa na kallonmu, mu ma muna kallonsu.

Sai matashin da ke zagayawa da baƙi ya shigar da mu ɗakin da aka riƙa tsare mata a zamanin cinikin bayi.

Duhu, zafi, da wani wari da har yau in na tuna ina jin shi a maƙoshi. Yaron yana ta bayani da Turanci, rabin iyayenmu ba sa ji, suna ta gyara ɗauri. Sai Baba Isaka ya matso gaba ya ce masa, "Small, my son," ya juyo ya fara mayar mana da Hausa.

Ya ce nan da kuke tsaye, mata ne aka cusa har ba wurin kwanciya. Nan suke ci, nan suke komai. Ya ce da yawansu daga can arewa aka koro su da ƙafa, daga garuruwan da mu muke cewa gida in an tambaye mu. Ya nuna sama, ya ce gwamna yana leƙowa daga can ya zaɓi wadda yake so.

Ban san wadda ta kashe sifikar ba.

Wata tsohuwa a cikinmu ta sunkuya ta cire takalminta. Sai kowa ya cire. Masu sarƙa suka ja mayafi suka rufe wuya. Jan yayin nan da na ɗinka ina taƙama, ji na yi ya yi mini nauyi a jiki.

Daga nan Baba Isaka ya cire hularsa ya mayar, ya fuskanci bango, ya ce da ƙarfi, "Assalamu alaikum, masu ɗaki. 'Yan gida ne. Mun makara, amma mun zo."

Ya ce kowa ta faɗi garin iyayenta. Aka fara a hankali. Salaga. Yendi. Bawku. Wa. Wata ta ce Dosso, wata Sakkwato, wata Mango. Muryoyin suna bugun bango suna dawowa. Ni ban taɓa jin alfahari da mutanenmu kamar na wannan lokacin ba, kuma ina kuka nake jin shi.

A hanyar dawowa na matsa kusa da shi na ce, "Baba, ka ga mun ci ado haka, me ya hana ka faɗa mana?"

Ya ce, "'Yata, in na faɗa, rabinku ba za ya zo ba. Kuma bari su gani. Su san 'yan'uwansu da suka rage ba su lalace ba koraa, ko kaɗan."

A ranar ya ba ni labarin yadda abin ya faro. Ya yi shekaru yana tuƙa baƙi daga otal-otal zuwa waɗannan wurare, mutanen Amurka, mutanen Jamaika, Turawa. Su shiga, shi ya zauna a mota yana jin rediyo. Ranar da ya daure ya bi su ciki, ya ji daga inda aka kwaso mutanen, ya ce kunya ce ta kama shi. "Na kawo duniya duka wurin nan, ban kawo uwata ba."

Tun daga nan, duk shekara sai ya kai mutanen Zongo. Ya kai 'yan makaranta, ya kai mahauta, ya kai 'yan kayayo masu dakon kaya a kasuwa, su kam ko sisi ba ya karɓa. Ya kai mu Cape Coast, ya kai mu tsofaffin kurkukun Jamestown da muke wucewa kullum a trotro, bas ɗin haya, ba mu taɓa ɗaga kai ba. Dokarsa ba ta canzawa: a ci abinci a waje, a yi hoto a sama, in an zo ɗakunan ƙasa a yi sallama.

Wani ya taɓa ce masa ai ba a san ko Musulmi ba ne waɗanda ke ciki. Ya ce, "Ni ɗakinsu na shiga. Haka aka koya mini shiga ɗakin mutane."

Yanzu in bas ɗinsa ta tsaya, masu zagayawa da baƙi sun san mu. Suna cewa mutanen sallama sun iso. Akwai shekarar da wata baƙar fata daga Amurka ta tsaya a bayanmu tana sauraro, ta roƙi a koya mata. Iyayenmu suka sa ta a tsakiya, suka yi ta maimaita mata har bakinta ya kama. Da aka fito ta ci waakye da shito, miyar barkonon nan, har hanci na zuba, ba ta ajiye cokali ba.

To ga maganar Kaka.

Kakata, Mma Azumi, ƙafafunta sun daina ɗaukarta tun da daɗewa. In ba asibiti ba, ba ta wuce zauren gidanmu. A danginmu akwai wani labari da ake gada. Can baya, zamanin kakannin kakanninta, an aiki wani yaro mai suna Tanko korar tsuntsaye a gonar dawa, bai dawo ba. An ga sawun dawaki, shi ke nan abin da aka gani. Har yau ba a rasa Tanko a gidanmu, kowane zamani sai an sa wa wani yaro sunan. Ƙanena ma shi ne sunansa.

Da na dawo na ba Kaka labarin sallamar nan, da na ƙofar da aka riƙa fitar da bayi zuwa jirgin ruwa. Washegari ta ce a kira mata direban.

Ya zo da koko da ƙosai a leda, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "Isaka, Tanko ya bi ta ƙofar nan?"

Wani da sai ya faɗa mata abin da zai faranta mata rai. Shi cewa ya yi, "Mma, ban sani ba. Babu wanda ya sani. Amma in ya bi, ya kamata nasa ya zo ya kira sunansa."

Ta ce, "To ka kai ni."

Kawunnaina suka yi tsalle suka dire. Hanya da nisa, tsohuwa, rana, in wani abu ya faru fa? Shekara ta zagayo suna cewa a'a, wata ta sake zagayowa. Baba Isaka bai taɓa ɗaga musu murya ba. Zuwa kawai yake yi da kokonsa, ya zauna a zaure, a yi hirar ƙwallo, in zai tashi ya ce, "Maganar Mma dai tana nan." Bana suka gaji suka ce to.

Sai aka zo kan yadda za a shiga da ita. Keken guragu ba ya tafiya a kan duwatsun wurin, kuma hanyar da ke kai wa ƙofar ƙarshe, wadda ake fita zuwa jirgi, matsattsiya ce, sai an sunkuya. Baba Isaka ya ce a bar masa. Ya ciro kujerar trotro guda, ya rage mata faɗi, ya sa aka yi mata walda da bututu biyu, mariƙi gaba da baya, ga bel na ɗaurewa. Faɗin hanyar da kafaɗunsa ya auno shi a zuwansa na baya.

Ni aka ba ɗinkin rigar kujera. Na buɗe akwati na samo ragowar jan yayin nan na farko, da shi na yi.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Litinin ne, da na kai masa rigar a Abossey Okai. Ya sa mata, ya ja baya yana kallo, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Wannan yayi bai gaji da zuwa Elmina ba."

Sai ya ce in hau a gwada. Na ce Baba, a tsakiyar kasuwa? Ya ce, "Hau, chale, Mma ba ta kai ki nauyi ba. In ya ɗauke ki, ya ɗauke ta." Ya kama gaba, maƙwabtan shagonsa suka kama baya, suka zaga da ni tsakanin tayoyi da injuna, makanikai suna tafi suna kiran amarya. Na rufe fuska da mayafi ina dariya.

Da suka sauke ni yana haki. Na ce ranar Asabar ya bar wa samari. Ya ce, "A'a. Gaba nawa ne. Ni na san inda ake sunkuyawa."

Ya saya mini ruwan sanyi, ya tare mini trotro. Ban ko waiwaya ba, don na ɗauka Asabar muna tare.

Ɗazu na je na faɗa wa Kaka. Na same ta an baza mata kayan da za ta saka, tun jiya take sa a fito da su a mayar. Na durƙusa. Ta dube ni ta ce, "Wa ya mutu?"

Na faɗa mata. Ta yi salati, ta daɗe tana jan carbi. Kawuna da ke tsaye a ƙofa ya ce to sai a haƙura da tafiya, Allah bai nufa ba.

Kaka ta ce, "Kujerar ta mutu ne?"



Ta ce, "Yaron nan ya gama nasa. Zan je. In na kira Tanko, zan faɗa masa sunan wanda ya kawo ni."

Daga nan na wuce gidan rasuwa. Hajiya Fati, cikin hawayenta, ta kama hannuna ta ce bas na nan da mai a ciki, abokinsa zai tuƙa, kujera kuma tana shago an rufe ta da buhu. Ta ce in aka fasa tafiyar nan, ita ba za ta yafe mana ba.

Don haka 'yan Nima, 'yan Maamobi, 'yan Sabon Zongo, duk wanda ya taɓa zama a farar bas ɗin nan: jana'iza yau bayan la'asar. Na san za ku yi rububin ɗaukar makara, don ya cancanta. Kafaɗun nan dai nake roƙo ku dawo mini da su ranar Asabar da safe. Ƙanena Tanko ya ce shi zai kama gaba. Baya ne babu kowa.

Allah ya jiƙan Baba Isaka. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka shi, kada ya ga ƙunci ko duhu irin na ɗakunan da ya yi ta kai mu. Yadda bai taɓa shiga wuri ba sallama ba, Allah ya sa mala'iku su tarbe shi da sallama. Allah ya ba Hajiya Fati da yara haƙuri, ya kai Kaka lafiya ya dawo da ita lafiya.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, da shi da waɗanda ya koya mana gaisarwa. In za ka zo Asabar, rubuta mini a ƙasa. Ka zo da takalmi mai sauƙin cirewa.